Ɗakin Yaya Mai Taya da Karan Awonsa

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai guda ɗaya da zan mayar. Na faɗe ta ne wata safiya ta sanyi a bakin shagona na walda da ke Kura, a gaban mutum bakwai ko takwas masu jin ɗumin wuta. Aka yi dariya, ni ma na yi. Wannan magana, da wani ƙarfe da na ɗauka alhali ba nawa ba ne, su suka hana yayana ganin 'yarsa ta fari kafin ya rasu. Yau kwana arba'in da muka kai shi makwancinsa. Karatuna bai yi zurfi ba, firamare na gama na kama sana'a, amma na ga in ban rubuta ba, abin da zai saura a bakin mutane game da shi shi ne sunan tsokanar da na laƙaba wa aikinsa.

An yi zaman makoki kwana uku a ƙofar gidansa. Mutane sun zo daga Bunkure da Garun Malam, wasu da taɓon gona a ƙafarsu. Liman ya ce ya rasa wanda yake gyara masa sahu. Maƙwabcinsa na gona ya ce shekara talatin suna shan ruwa daga magudana ɗaya, bai taɓa kama shi ya toshe wa wani don ya ƙara wa kansa ba. Wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa ta aiko daga cikin gida, tana tambaya yanzu wa zai riƙa buɗe mata ruwa. A rana ta biyu wani dillalin tumatir ya shafa addu'a, ya ce Allah ya ji ƙan mai makara mai taya, ya fara dariya, sai ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Wasu suka sunkuyar da kai. Wasu suka dube ni.

Mijin 'yarsa yana zaune can gefen tabarma, inda suruki ya kamata ya zauna. Ya tambaya a hankali wace makara ce, ba wanda ya amsa masa. Bayan la'asar ya same ni ni kaɗai, ya durƙusa, ya ce akwai abin da yake so ya fahimta. Shekara huɗu da suka wuce tsohon ya aika masa da saƙo ta bakin wani direba, yana tambaya ko akwai inuwa mai kyau a wajen garinsu, wadda ba ta cikin gonar kowa. Ya amsa cewa akwai wata tsamiya a bakin hanya. Tun daga lokacin, duk shigowar sanyi sai ya sa a share gindinta, a ajiye randa. Ya ce bai taɓa sanin abin da tsohon zai zo da shi ba, kuma kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Ni na sani, amma a ranar ban iya gaya masa ba.

Shekara takwas Yaya ya ba ni. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma har ya bar duniya Auta yake kirana, ko da yake ni ma ina da jikoki. Manomi ne tun tasowarsa: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Bai yi boko ba, kuma ba ya yarda da awon da ba zai riƙe a hannunsa ba. Fangalin albasa da karan dawa yake auna shi, tsakanin dashen tumatir kuwa da taƙi. In na fito da tef ɗina na awo sai ya ce wannan igiya ce mai magana da harshen da ba ya ji. Ranar da aka sako ruwa a ɓangarenmu shi ne na farko a bakin magudana, wando a naɗe har gwiwa. Yakan ce ruwa ba ya yin sallama, in ya zo ka tashi. Amma kafin ya juya shi gonarsa sai ya fara buɗe wa tsohuwar nan, ya tsaya har fangalinta na ƙarshe ya cika. Shayi ba sukari yake sha, kuma ba ya zama a majalisar da aka fara ambaton wanda ba ya nan. Yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba. In ya ce gabas, ko rana ta fito ta yamma sai ya ce ranar ce ta yi kuskure.

'Yarsa ta fari tana aure a wani ƙauye gaba da Haɗeja, can wajen fadama. Kamar yadda iyayenmu suke yi da 'ya'yan fari, bai taɓa ambaton sunanta ba. In zai yi maganarta sai ya ce ta gabas. Shekara biyar da suka wuce ciwo ya shanye mata ɓarin jiki, ta daina iya zaman mota. Uwarta ta je jinya sau biyu. Shi bai je ba. Tafiyar ba ta zuwa da dawowa a yini ɗaya ba ce ga tsoho, kuma a tarbiyyar da muka taso uba ba ya kwana a gidan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa. Ƙauyen kuwa duk dangin mijin ne, har mai unguwa. Ga shi tsufa ya kawo masa tari da yawan kewayawa, abin da ba zai yarda surukai su ji ta bayan zana ba. In ta kira a waya aka miƙa masa, sai ya tambaye ta ko ruwa ya ja baya a fadama, ko an fara kamun kifi, ya ce to madalla, ya miƙa wa uwarta. Daga nan ya fita gona ko da ba ranar ruwa ba ce.

A wurinmu lokacin sanyi shi ne lokacin da manomi yake samun sararin tunani. An gama sussukar shinkafa, an shuka alkama, an dasa tumatir, abin da ya rage ban-ruwa ne daga mako zuwa mako. Da safe ba a shiga gona sai rana ta ɗan ɗaga, don haka ake taruwa a bakin shagona a hura wuta da guntayen katako. A irin wannan safiya ce Yaya ya zo da takardar buhun siminti a naɗe a hammata. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya shimfiɗa ta a kan bencina, ya danne kusurwoyinta da duwatsu. Zane ne da gawayi, kamar albasa a kwance: gaba a kumbure, baya ya tafi a tsuke, ga tayoyi biyu a ƙasa.

Ya ce ɗaki ne. Yana saurayi, lokacin da yake lebura a aikin haƙa hanyoyin ruwan nan, ya ga wani Bature mai awon ƙasa yana kwana a cikin irinsa, mota na jansa duk inda aiki ya kai su. Shi nasa ƙarami yake so, wanda babur ɗinsa mai ƙafa uku, na ɗaukar kwandunan tumatir, zai iya ja. Ya riga ya yi tunanin komai. Tsawo daidai kwanciyar mutum ɗaya, tsayi daidai zamansa. Bango biyu na siririn katako, a cusa ɓuntun shinkafa a tsakani don kada sanyi ya ratsa, tunda ɓuntu a banza masu injin casa suke zubar da shi. Rufi na kwano, a lanƙwasa shi ya bi bayan albasar don iska ta zame. Taga ɗaya mai raga saboda sauro. A baya, inda ya tsuke, a yi murfi mai ɗagawa, nan buta da risho da kayan shayi za su zauna. Ya ce ba za a shigar da kaskon wuta ciki ba ko sanyi ya kai ina, don ya san abin da gawayi yake yi wa mai barci a rufaffen ɗaki. Shi zai tara kaya, ni zan haɗa ƙarfen ƙasa in ɗora jiki.

Na tambaye shi amfaninsa. Ya ce na gadin injin ban-ruwa ne a gona. Gonar Yaya kuwa daga ƙofar gidansa ana hango ta. Yana naɗe takardar ya tambaye ni, kamar wanda maganar ta faɗo masa kawai, ko na san yadda hanya take in an wuce Haɗeja, yashi ne ko tsakuwa, kuma wace irin taya ce ba ta nutsewa. Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Na ce masa za mu duba.

Sanyin farko a tara kaya ya ƙare. Ya samo ƙarfen tayoyin baya na wata tsohuwar ƙaramar mota, aka kawo aka jingine a bayan shagona. Katako ya riƙa saye ɗaya-ɗaya yana jerawa a zaurensa. Ya jiƙa falle guda a magudana yini biyu, ya ɗaure shi a jikin duro don ya ga ko zai lanƙwasu bai tsage ba. Da ya lanƙwasu ya kira ni in gani, yana murmushin da ban saba gani a fuskarsa ba. Sai tumatir ya nuna, aiki ya taso, aka ajiye maganar sai wani sanyin.

A sanyi na biyu ne abin ya faru. Ya zo da safe, mutane na zagaye da wuta, ya ce yau za a fitar da tsawon ɗakin. Na ɗauko tef, ya ce in mayar. Ya zaro dogon karan dawa daga dannin maƙwabci, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya cire hularsa, ya kwanta a miƙe, ya haɗa ƙafafu. Ya ce in ɗora karan daga kansa zuwa dugadugansa, in ƙara taƙi ɗaya na matashi, sannan in karya. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a ƙasar nan ya san da kara ake auna gawa a kai wa masu haƙan kabari. Shi hankalinsa bai je can ba, don da kara yake auna komai. Ni nawa ya je. Na auna, na ƙara taƙin, na karya, na ɗaga karan sama na dubi jama'a.

"To jama'a, wa zai kai wa masu haƙa? Ko kuwa a bari, tunda makarar Yaya mai taya ce, ita za ta kai kanta?"

Aka fashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Yaya ya tashi zaune, ya karkaɗe rigarsa, ya sa hula. Ya miƙo hannu na ba shi karan.

"Auta, bakinka ya fi hannunka sauri," ya ce, ya tafi.

Kafin azahar sunan ya zaga gari. Masu babur in sun gan shi sai su tambaya yaushe za a ƙaddamar da makara. Labari ya shiga cikin gida, matarsa ta ji an ce ya kwanta an auna shi da kara, ta yi kuka, ta ce kiran mutuwa yake yi, ta rantse ba za a haɗa abin nan tana raye ba. Liman ya je ya yi mata bayani cewa kara ba ya kawo ajali, ba ya kuma ɗage shi, ta ce ta ji, amma ranta bai kwanta ba. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya, da kalma biyu zan iya kwantar mata da hankali, in ce ni na ƙirƙiri zancen. Ban yi ba. Daɗin an ce na iya magana ya fi min. Yaya ya soke karan a jikin azarar zaurensa, bai sake fito da takardar a gaban mutane ba.

A sanyi na uku albasata ta yi kyau, ina neman abin da zan riƙa kwaso ta. Ƙarfen tayoyin nan yana bayan shago shekara biyu, ciyawa ta rufe shi. Na ce a raina ai maganar ta mutu. Na ja shi, na yi amalanke da shi, ban tambayi kowa ba. Bayan kwana kaɗan ya zo wucewa, ya tsaya, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin amalanken, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago na riga shi magana, na ce aro na yi, kuma ai gara ya ɗauki albasa da ya ruɓe yana jiran gawa. A nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba tun muna yara. Ya ce ni ɓarawo ne mai gemu. Na ce shi tsoho ne da yarinta ta dawo masa. Na ce in gadin inji yake so ya kafa bukka kamar kowa. Na faɗi haka ina sane da cewa ba zai iya buɗe baki ya ambaci inda yake son zuwa ba. Ya dube ni.

"Bukka ba ta tafiya, Auta."

Bai daina gaishe ni ba, don ba ya gaba. Amma ya daina zama a bakin wuta. Bayan kamar mako uku zazzaɓi ya kwantar da ni, ya kuma dace da ranar ruwanmu, alkamata tana fitar da kai, lokacin da in ta sha ƙishi an yi asarar shekara. Da na samu na miƙe na lallaɓa gona, na tarar da ita a jiƙe fangali bayan fangali. Maƙwabci ya ce Yaya ne, tun da sassafe yana tsaye cikin ruwan sanyin nan da tarinsa, ya gama da ta tsohuwa, ya yi tawa, tasa ce ta ƙarshe kuma ruwan bai kai mata ƙarshe ba. Na je yi masa godiya, ya ce alkamar ba ta yi masa laifin komai ba.

Wannan sanyin da ya wuce shi ne na huɗu. Kunya ta ishe ni, na je zaurensa na ce ya fito da takardar. Bai yi gardama ba. Ta yi laushi, gawayin ya dushe, ya bi layukan da yatsa yana sake yi min bayani kamar ban taɓa ji ba. Ya ƙara abu ɗaya: ƙugiya a gefe ta rataya buhun shinkafa, wai ko mutum zai riƙa tsaraba. Na ce zan cire ƙarfen daga amalanke. Ya ce yaushe. Aikin gyaran injuna ya yi min yawa a lokacin, kowa na ban-ruwa, na ce ya bari a gama tsinkar tumatir. Ya ce in an gama tumatir zafi ya shigo, in zafi ya wuce ruwa ya sauka, hanyar can kuma ba ta biyuwa da damina. Na ce in sha Allahu za a yi. Ya naɗe takardarsa.

Ba a kai ga kwandon farko ba ƙirji ya kama shi. Kwana uku ya yi. A rana ta biyu aka kira ta gabas aka kara masa wayar a kunne, ya tambaye ta ko ruwa ya ja baya a fadama. Ya rasu da hantsi, ranar ruwan ɓangarenmu.

Da aka gama wanka, masu haƙa suka aiko a kawo awo. Ni ne babba a gidan yanzu, ni ya kamata in auna. Na fito zan nemi kara, sai matarsa ta yi magana daga bayan ƙofar zaure, muryarta ba kuka a ciki.

"Ɗaga kanka, yana nan a azara. Kai ka auna shi da hannunka, ba sai an sake wahalar da shi ba."

Na zaro shi. Ya bushe, ya yi baƙi da hayaƙi, amma bai karye ba. Na shiga na gwada, don in tabbatar. Ya zarce da taƙi ɗaya, na matashin da ya ce a ƙara. Na karya wannan taƙin, na ba da sauran aka kai. Guntun na sa a aljihu, ban san dalili ba, kuma har yanzu yana cikin akwatin kayan aikina.

Ranar da surukin zai koma na kira shi na gaya masa komai, tun daga zanen har amalanke. Bai ce min komai ba sai Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Da ya isa gida ya faɗa wa ta gabas, ta kira ni. Na ɗauka za ta yi min faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Ta gaishe ni, ta yi min ta'aziyya, ta ce, "Baffa, takardar da ya zana nake so. A ba direba ya kawo min." Na aika mata. An ce ta sa an liƙa ta a bango daidai inda take kwance.

Na cire ƙarfen daga amalanken, yana bakin shago. Katakon yana zaurensa yadda ya jera shi. Wasu sun ce in haɗa ɗakin ko don tunawa da shi, amma zanen yana gabas, awon yana maƙabarta, mai kwana a ciki kuma ya samu wani ɗakin. Allah ya ji ƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya ba 'yarsa lafiya da haƙuri, ni kuma ya yafe min.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan guda ɗaya ne. In wani babba a gidanku ya zo muku da wani aiki da kuka ga kamar wauta ne, kada ku mayar da shi abin dariyar majalisa kamar yadda na yi. Akwai tsofaffin da kunya ba ta barinsu su faɗi inda suke son zuwa, sai dai su tambaye ku yadda hanya take. In kun gane, ku tashi ku kama aikin a wannan sanyin. Kada ku ce masa sai an gama tumatir.